Kunyar 'Yar Fari da Littafin Mai Barkwanci

Littafin bai fi kaurin yatsa ba. A teburin wata abokiyar aikina na fara ganin sa, a ɗakin malamai, an ɗora masa kofin shayi. Hoton marubuciyar ne a bango, ɗankwalinta a karkace, tana hararar mai ɗaukar hoton. Na san fuskar, don duk macen da take zuwa biki a Dutse ta san ta. Ita ce mai barkwancin nan da ake gayyata ranar wuni, ta karɓi lasifika ta sa manyan mata su manta da girmansu. Daga baya ta shiga rediyo, yanzu kuwa tana cikin wayar kowa. Ban taɓa zaton tana da haƙurin da za ta zauna ta rubuta labarin rayuwarta ba, shi ya sa na ɗauka da niyyar farautar kurakurai. Aikina ke nan. Hausa nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma jan biro ba ya rabuwa da jakata.

Kurakuran suna nan birjik, ko inda ake raba kalma ba ta sani ba. Amma kafin in kai shafi na biyar na manta da biron. Ta ba da labarin ranar da aka fara gayyatar ta biki. Ta ari takalmin maƙwabciyarta wanda ya yi mata yawa, tana ɗaga ƙafa za ta hau dandamali ya fice ya faɗa cikin farantin shinkafar uwar ango. Mata suka ɗauka shiri ne, aka yi ta tafi. Ta ce tun daga ranar take neman barkwancin da zai kamo takalmin nan, kuma har yau ba ta samu ba. Na yi dariya har shugabar makaranta ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya.

Abin da ya sa matar nan ta shiga raina shi ne ba ta tausaya wa kanta. Ta faɗi yadda aka kore ta daga shagon ɗinki saboda tana kwaikwayon masu zuwa gwaji, yadda suke tsuke ciki in an zo da tef. Ta faɗi bikin wasu manya inda ta yi minti ashirin tana zuba, ba wadda ta ɗago kai daga waya, ta zagaya bayan rumfa ta zauna da masu girki tana cin ƙanzo tana hawaye, ƙarshe su ta bari suna riƙe ciki. Ta faɗi yadda mahaifinta ya sauya hanyar masallaci don gudun tambayar mutane, da yadda bayan shekaru ta kama shi ya kara rediyo a kunne lokacin shirinta, ya ce mata labaran duniya yake nema. Ba ta rufe ko babi ɗaya da wa'azi ba. Ni da nake koya wa yara rubutun zube, na san ba zan iya rubuta shafi ɗaya mai rai irin nata ba, kuma ban ji kunyar faɗa wa kaina haka ba.

Babin mahaifiyarta ne ya ɓata mini rai. Tsohuwar mai waina ce, kuma duk sabon barkwancin da 'yar ta ƙirƙira, a gindin tanda take fara gwada shi. In uwar ta yi dariya, ya wuce. In ta ci gaba da juya waina ta ce babu gishiri, sai a jefar. Suna tsokanar juna, suna zagin wasa, har su manta waina ta ƙone. Na karanta babin nan sau biyu, na rufe littafin.

Ni 'yar fari ce. Asalinmu Fulani ne, kakana ya yada zango a Taura da shanunsa, har zama ya kama shi. Yanzu shanun sun ragu, noma da kasuwa sun fi yawa, Fulatancin ma sai a bakin tsofaffi. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Kafin Hausa, can na girma har aka yi mini aure. In na zo hutu, sunana "ke" ko "wannan". Da na yi aure na koma unguwar Yalwawa a Dutse sai na zama "mutanen Dutse", ni ɗaya tal. Ba ta kallon fuskata in tana magana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, kuma in saƙon ya wuce kalma biyar, ta bakin wani zai biyo ko da ina zaune a gabanta.

Duk wannan na saba da shi. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne, kowa a danginmu ya yarda babu mai ban dariya irin Inna. Kwaikwayo ne aikinta. An ce in ta yi dillalin shanu yana rantsuwa, sai ka waiwaya ka nemi saniyar. An ce ta taɓa yin muryar maigidanta, wato Baffanmu, daga bayan ɗaki, har kishirwar gulma ta bar wasu mata baƙi, suka miƙe suna gyara mayafi, sun zaci shi ne ya shigo. Goggo, ƙanwar Baffa, takan ce ita ba ta shan ruwa in Inna ta buɗe baki, don ta taɓa shaƙewa. Ni kuwa ban taɓa gani ba, ko sau ɗaya. Nakan jiyo mata suna shewa tun daga zaure, ina yin sallama Inna ta tsuke fuska ta sunkuyar da kai, sauran su yi ta share hawayen dariyar abin da ba za a gaya mini ba. Har na kai shekara arba'in da huɗu, uwata mai ban dariya labari ce a wurina.

Da na gama littafin sai na ƙulla dabara. Na ce in dai Inna mai barkwanci ce, to ba za ta iya jure wa matar nan ba. Zan je in karanta mata a gaban mata, dariya ta ƙwace mata, daga nan kuma shi ke nan, an fasa. Dabarar malamar makaranta ce, mai zaton komai yana gyaruwa in an tsara darasi.

Ran Asabar na hau bas, muka bi ta Gujungu, na isa Taura da hantsi. Na tarar da su a inuwar darbejiya suna ɓarar gyaɗa: Inna, da Goggo, da matar ƙanena, da maƙwabta biyu, da autarmu wadda take zaune a gida tana jiran sakamakon jarrabawa. Na durƙusa na gaishe da Inna, ta amsa wa gyaɗar. Bayan na sha fura na huta, na ciro littafin, na sa tabarau, na yi gyaran murya, na fara da babin takalmi.

Ya ci su. Goggo ta tuntsure ta dafa matar ƙanena, maƙwabciya ɗaya ta zubar da gyaɗar cinyarta. Ni kuwa ido ɗaya a shafi, ɗaya a kan Inna. Na ga hannunta ya tsaya da ɓara. Na ga ta cije leɓe. Na ƙara murya, na zo daidai inda takalmin yake tashi sama.

"Akuyar nan ba ta sha ruwa ba," in ji Inna, ta miƙe.

"Na ba ta ɗazu, Inna," Auta ta ce.

"Ba ta ƙoshi ba."

Ta zagaya bayan ɗaki, ba ta dawo ba sai da ta ji na rufe littafin. Babi uku na karanta, ina jan lokaci, akuya tana ta shan ruwa. Da la'asar na tashi tafiya raina a dagule, na jefa wa Auta littafin na ce ta riƙe, ni na gama da shi.

Bayan kwana biyu sai ga wayar Auta.

"Adda, littafin nan naki ya kusa kashe Inna."

"Me ya same ta?"

"Dariya mana. Sau uku ta sa na maimaita mata wurin takalmin. Ƙarshe ta miƙe ta zama uwar angon, ta sa hannu a faranti tana laluben nama ta ciro takalmi, ta jujjuya shi ta ce wannan kazar ta tsufa. Wannan fa ba ya cikin littafin, ita ta ƙara. Goggo sai da aka yi mata fifita."

Na ce madalla, na kashe wayar. Haushi ya turnuƙe ni har na kasa gyaran takardun yara. Ni na samo littafin, ni na shiga mota na kai shi, ni na san darajarsa, amma Auta ce ta kwashi daɗin, yarinyar da ko jarida ba ta karantawa. Ban ɓoye wa kaina ba, kishin ƙanwata nake yi, wadda na girme ta da shekara ashirin da biyar.

Maigidana ɗan gidan malamai ne, mutum mai sanyin da wani lokaci yakan ƙara mini zafi. Da na zazzage masa, ya saurara har na gama, ya ce, "Malama, ai so ne. Wanda aka fi so shi ake jin nauyi."

"To ni a rage mini son, a ba ni hira."

"Addini dai bai ce a yi ba, amma ba abin da za ki tayar wa tsohuwa da hankali a kai ba ne. Haka ta taso."

Ni ma na san haka ta taso. Sanin bai rage mini komai ba. Tawa 'yar farin da sunanta nake kiran ta, muna kallon fim tare muna gulmar 'yan wasa, har surukata takan ce na zubar da girma. Na ɗauka ta haka na rama. Ashe ban rama ba, abin yana nan inda yake.

Washegari na kira Auta na ce in Inna ta fara, ta danna wayarta ta ɗaukar mini muryar.

"Adda, in ta gane fa?"

"Ta ina za ta gane? Ki kifa wayar a cinyarki."

"Ni dai tsoro nake ji. Ba kyau."

Na yi mata ta yaya da ƙanwa. Na tuna mata wa ya tsaya aka bar ta ta yi sakandare, na ce abu ɗaya na taɓa roƙon ta a duniya. Ta ce to. Na san danniya na yi mata, kuma a lokacin ko a jikina.

Ran Laraba ana tsakiyar hutun tara a makaranta saƙon ya shigo, minti bakwai da 'yan daƙiƙu. Na shiga wani aji da ba kowa, na jawo ƙofa, na kara wayar a kunne. Da farko sai ƙarar taɓarya daga maƙwabta, da kaji, da Goggo tana mitar ciwon gwiwa. Sai wata ta yi gyaran murya, irin mai hawa biyu.

"To, jama'a, a natsu. Shafi na goma sha biyu. Wadda ba ta natsu ba ta fita. Kun gane?"

Na ɗauke wayar daga kunne na dube ta. Muryata ce. Ba kama ba, ita ce, har da yadda nake jan "gane" in ɗaga ta sama. Ban taɓa sanin ina cewa "kun gane" bayan kowace jimla ba sai ranar. Na ji Auta tana cewa, "Inna, har da tabarau?" Ashe awarwaro biyu ta kara a ido. Ta yi yadda nake karatu ina satar kallon mutane in ga ko sun yi dariya. Ta yi sallamata, wadda ta ce tun daga bakin titi ake jin ta kamar an zo duba makaranta. Ta yi yadda nake yi wa direban bas faɗa a kan gudu. Matan suna ta kwasa, wata tana cewa a bar ta haka cikinta zai ƙulle.

Daga nan muryar ta ƙanƙance, ta zama ta yarinya. Ta yi ni ina 'yar shekara shida, na zo hutu, an ajiye mini tuwo na ƙi ci, ina kuka ina cewa sai da cokalin gidan Kaka, su mutanen nan ba su da cokali. Ni kaina na manta da wannan. Ta tuna launin rigar da na sa, ta tuna na ɓoye takalmana a cikin tukunya don kada a hana ni komawa. A ƙarshe ta kasa ci gaba, dariyarta ta ƙwace. Siririya ce, tana fita da ɗan shaƙewa, ta ƙare da "wayyo ni". Sai saƙon ya yanke.

Aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Na ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba, na kuma ji haushi ya fi na da. Ashe duk shekarun nan da take kallon ƙasa, ni take nazari. Ta haddace ni tsaf, tafiyata da tarina da kukana, tana rabawa maƙwabta, ni kuwa ko ƙwaya ba a ba ni ba. Ranar na shiga aji na ce wa yara "kun gane", na tsaya cak, suka yi ta kallona.

Da na tsaya a nan da ba a ji kanmu ba. Amma daɗi ba ya zama a cikina. Na kunna wa maigidana, ya yi dariya har hularsa ta zame, sai kuma ya tuna muryar surukarsa ce, ya yi istigfari ya fice. Na tura wa 'yata da take karatu a jami'a a Kafin Hausa, na rubuta mata cewa kada ta tura wa kowa. Ita ma ta tura wa 'yar kawunta da gargaɗin kada ta tura wa kowa. Kafin Juma'a ta zagayo, babu wayar da ba ta da shi a danginmu.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta jiyo muryarta tana fitowa daga ɗakin matar ƙanena. Auta ce ta ba ni labari tana kuka. Ta ce Inna ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Mutanen Dutse sun ji?" Aka ce sun ji. Ta ce, "Har maigidan?" Aka ce har shi. Ta ajiye rariyar ta shiga ɗaki.

Bayan mako biyu Goggo ta sa aka kira mata ni.

"Malama, kin kyauta. Kin kashe mana gida."

"Goggo, me na yi? Muryar uwata ce fa."

"Uwar taki ta daina magana. Mu zauna mu yi ta ɓarar gyaɗa kamar gidan makoki. In ta ga waya a hannun mutum tashi take yi. Mu da ba mu da talabijin, ita ce abin kallonmu, kin zo da iliminki kin rufe."

Na yi ta kare kaina a zuci kwana da kwanaki. Na ce wace irin al'ada ce wannan, a ce maƙwabta suna da haƙƙi a kan uwata ni ba ni da shi. Har yanzu ban janye wannan ba. Amma akwai wani babi a littafin da ya hana ni sakat. Mai barkwancin ta taɓa kwaikwayon tafiyar wata mata a wurin biki, aka yi ta dariya, daga baya ta ji ashe matar haɗari ta yi, ƙafar ba ta koma daidai ba. Ba ta rubuta cewa ai ba ta sani ba, ko ai wasa ne. Ta nemi gidan, ta je ta zauna a ƙofar ɗakin matar, ta ce ta zo a yi mata duk abin da aka ga dama. Da na fara karanta wurin na yaba mata. Yanzu da abin ya zo kaina sai na ji ya fi daɗi a takarda. Duk da haka ran Asabar na sake hawa bas.

Ban jiyo komai daga zaure ba. Suna nan a inuwar darbejiya kamar wancan karon, sai dai ba mai magana. Littafin yana kan turmi an ɗaure shi a leda, alamar in tafi da abina. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ƙi tashi. Na ce na zo ba da haƙuri, ni na sa Auta, laifin nawa ne ni kaɗai.

Inna ta dubi Auta. "Ki ce mata ta goge."

"Inna, ai ya riga ya bazu," Auta ta ce a hankali. "Kowa yana da shi."

"Na kowa bai dame ni ba. Nata za ta goge. Ta kuma yi alkawari ba za ta karɓa a hannun wani ba."

A nan haƙurina ya ƙare. Ban bi ta kan Auta ba, na dubi Inna kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, ni ce fa. Ni kika fara haifa. Mai kawo nono ta san muryarki, mai awo ta san dariyarki, ni sai a waya na ji, shi ma sata na yi. Minti bakwai ne kawai nake da shi. Shi ma sai an karɓe?"

"Ke," in ji Goggo, "a gaban uwarki?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta murza gyaɗa ɗaya a hannu har ɓawon ya zama gari. Sannan ta ce wa Auta, "Ki ce mata ban ba ta ba. Ɗauka ta yi."

Gaskiya ta faɗa. Na ciro wayar. Inna ba ta karatun boko, da na danna wani wuri na ce na goge ba za ta taɓa sani ba, kuma sai da tunanin ya zo mini. Na miƙa wa Auta ta riƙe gefe ɗaya don ta zama shaida, na nemo saƙon, na goge. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata na tabbata. Na yi alkawarin da aka nema, na sa Allah a ciki, kuma har yau ban karya ba.

Matar ƙanena ta tashi ta duba tukunyar da ba komai a ciki. Ina shirin miƙewa sai Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, fuskarta wajen katanga.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Tambaye ta... ya yi kama?"

Auta ta zaro ido ta dube ni. Goggo ta toshe baki da gefen zane. Ni kuwa wani abu ya taso mini, rabi haushi rabi abin da ban san sunansa ba. Wato duk da kunyar, duk da fushin, gwanar tana son ta ji ko aikinta ya yi kyau.

Na ce, "Ki ce mata ya yi. Ki kuma ce mata ba ita kaɗai ta iya ba."

Na gyara zama na juya wa Inna gefe, yadda take juya mini. Na jawo ɗankwalina ya rufe goshi. Na sunkuyar da kai na ɗauki gyaɗa ɗaya ina jujjuyawa, na shaƙe murya na ce wa turmi, "A ce wa mutanen Dutse sannu da zuwa. A tambaye su ya hanya. A ce musu furar ba sukari, in suna so su saka da kansu." Na ɗan saci kallo ta wutsiyar ido na mayar da sauri, kamar yadda na sha kama ta tana yi. Sannan na miƙe da ƙyar ina dafa gwiwa, na kakkaɓe zane, na ce, "Kajin nan ba su ci dawa ba."

Goggo ce ta fara fashewa, sauran suka bi. Maƙwabciya ta faɗi a kan tabarma tana dukan ƙasa. Ni ban kalli kowa ba sai Inna. Ta juya baya gaba ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ko ƙwaƙƙwaran numfashi ban ji ya fito ba. Ta miƙe a haka, tana laluben hanya, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na tsaya a tsakar gida da gyaɗa ɗaya a hannu. Taku huɗu ne tsakanina da labulen nan, kuma na san ba zan ɗaga shi ba. Auta ta bi ta ciki. Na kasa kunne, amma shewar su Goggo ta rufe komai, na ji kamar in daka musu tsawa irin ta aji.

An jima Auta ta fito, idanunta jajur, tana share fuska da bayan hannu.

"Ta ce la'asar ta yi, kada mutanen Dutse su rasa mota."

Na kama hannunta na ja ta gefe. "Dariya take yi ko kuka?"

Auta ta waiwaya ta dubi labulen, ta dawo da ido kaina.

"Adda, ta ce kada in gaya miki."